Tsufa Ne Ke Ba Da Daraja, Ko Kuwa Riƙo?

Yau zancen mota na kawo muku, sai dai kada wata ta ce ina ruwan biri da gada, domin kuwa idan kika yi haƙuri za ki ga zancen namu ne.

A ƙasashen Turai akwai wata rajista ta musamman da ake yi wa tsohuwar mota, a mayar da ita motar tarihi. A Jamus tun shekarar 1997 ake ba da lamba mai harafin H a ƙarshe ga motar da ta cika shekara 30. A Faransa ma shekara 30 ne, kuma maimakon a duba lafiyarta duk bayan shekara 2 kamar sauran motoci, sai ya koma duk shekara 5. A Ingila kuwa sai ta kai shekara 40, sannan mai ita ya nemi a ɗauke masa harajin mota. Wato dai abin da jiya ake kira akwala, yau hukuma da kanta ta ba shi takardar girmamawa.

To amma fa ba haka kawai ake bayarwa ba. A Jamus sai ƙwararren mai duba motoci ya bincika ta ciki da waje, ya tabbatar tana cikin ƙoshin lafiya, kuma tana nan a siffarta ta asali. Idan tsatsa ta cinye ta, ko an cusa mata kayan da ba na zamaninta ba, to ko shekararta 50 ba za ta samu ba. A Ingila ma, wadda aka yi wa babban canji cikin shekara 30 da suka wuce ba a yafe mata gwajin shekara-shekara.

Wannan ne ya sa nake tambayar kaina, shin tsufa ne ke ba da daraja, ko kuwa yadda aka riƙe abu har ya tsufa? Ni dai a ganina shekaru ba gwaninta ba ce, kowa ya kwana ya tashi yana tara su, motar da aka yasar a bayan gida ma tana tarawa. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma fa zumar da aka rufe bakinta, ba wadda aka bari a buɗe ƙuda da kiyashi suka gama da ita ba.

Kin ga kuma mota ba ta canza wa kanta baƙin mai, ba ta rufe kanta daga rana da ruwan sama. Ashe takardar nan ta motar ce a suna, amma a gaskiya shaida ce ga hannun da ya riƙe ta shekara da shekaru. Nan ne zancen ya iso ɗakunanmu. Sau nawa kika ji ana cewa "wance ta lalace, ta tsufa tun ba a je ko'ina ba"? Ba mai tambayar haihuwa nawa ta yi, yaushe rabonta da asibiti, ko wa ya taɓa ce mata sannu. Mace ba mota ba ce, Allah ya karrama ɗan Adam, to amma idan har ƙarfe yana nuna irin riƙon da aka yi masa, ina ga mai jini da tsoka?

Ki dubi Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, aka kuma yi ta haɗa ta a Kaduna har zuwa 2006. A can, mai irin ta farko yana goge ta kamar ƙwai. A nan kuwa ta ɗauki amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta yi jigila tsakanin Kano da Zariya har ta ƙare. Ban ga laifin direbobinmu ba, da ita suke ciyar da iyali. Amma wacce ta fi cancantar godiya, wadda ta huta ko wadda ta yi wahalar? Ma'aunin Turawa kyan jiki yake dubawa, ba ya auna hidima. Mu kada mu auna iyayenmu da shi, domin tsagewar ƙafar Inna da taurin tafin hannunta su ne takardarta.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya ba ni sha'awa. A Ingila, motar da ake haya da ita ko ake kasuwanci ba ta samun wannan rangwame, wato girma yana zuwa ne tare da sauke kaya. Wannan daidai ne. Bai kamata a ce "uwargida sarautar mata" da baki ba, alhali har yanzu ita ce a bakin murhu, ita ce a wanki, amarya na ɗaki ana cewa ba ta laifi. Sai dai kuma a kula, hutarwa daban, jinginewa daban. Ko masu motocin nan sun san cewa motar da aka kulle ba a tayarwa batirinta mutuwa yake, tayoyinta su lalace. Haka tsohuwar da aka kai ɗakin ƙurya, ana aika mata tuwo amma ba mai neman shawararta, wallahi wannan ba girmamawa ba ce.

Saboda haka 'yar uwa, ga ke ga kanki. Ki kula da lafiyarki tun yanzu, ki bar man bilicin da ke ɓata fatar da Allah ya yi miki, gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Sannan ki waiwayi tsoffin gidanku, mahaifiya ce ko suruka, ki karɓi tsintsiyar hannunta, ki zauna ki ji ta bakinta. Yadda 'ya'yanki suka ga kina yi, haka za su yi miki.

Allah ya sa mu tsufa da mutuncinmu, ya haɗa mu da masu riƙon amana, amin.