Gurasar Gibeyonawa da Lambobi Shida

Littafin Joshuwa sura 9 ya ba mu labarin wata yaudara da ta ci jama'ar Allah ba tare da an zare takobi ba. Bayan faɗuwar Yariko da Ai, mutanen Gibeyon suka tsorata. Sai suka sa tsofaffin tufafi da takalma masu faci, suka ɗauki busasshiyar gurasa wadda ta yi fumfuna, suka je wurin Joshuwa a Gilgal, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, suka gamsu, suka yi musu alkawari da rantsuwa. Aya ta 14 ta nuna inda kuskuren yake: ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana uku suka gane ashe maƙwabtansu ne.

Gibeyonawa ransu suka nema su tsirar. Masu irin wannan dabara a zamaninmu kuwa aljihunmu suke nema, kuma ta wayar hannu suke shigowa. Wani zai kira ka da murya mai ladabi, ya gaishe ka cikin sunan Ubangiji, har ya ambaci zumuntarku ta WhatsApp. Ya ce za a yi taron addu'a ta intanet da yamma, an turo maka lambobi shida ta saƙon waya, ka karanta masa don a ba ka wuri. Waɗannan lambobi ba na wani taro ba ne. Su ne mabuɗin da WhatsApp ke aika wa mai layi idan ana so a buɗe asusunsa a wata waya. Da zarar ka faɗa, an fitar da kai, ɓarawo ya shiga da sunanka da hotonka. Kafin gari ya waye ya rubuta wa zumuntar mata da 'yan mawaƙa cewa ɗanka yana asibiti, a taimaka da gaggawa. 'Yan'uwa kuwa za su tura kuɗi, gama suna ƙaunarka.

A nan ne abin ya fi ba ni baƙin ciki. Makamin ɓarawon nan ba wata gwanintar kwamfuta ba ce. Tausayinmu ne, da kunyar da muke ji mu tambayi wanda ya zo da sunan fasto. Wasu suna ganin bincike rashin bangaskiya ne. Amma manzo Yahaya, wanda ya fi kowa rubutu a kan ƙauna, shi ne ya umarce mu a wasiƙarsa ta fari, sura 4, mu gwada ruhohi. Wanda ya ce bari in kira fasto a lambarsa da na sani kafin in tura kuɗi bai yi zunubi ba. Fasto na gaskiya ba zai ji haushi ba.

Saboda haka iyaye, ku zauna da iyalinku bayan addu'ar dare ku kafa doka. Lambar da aka turo ta saƙo, da lambar sirrin katin banki, ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Lambar BVN mai lambobi 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya shigo da ita a 2014, ita ma ba abin rabawa a zumunta ba ce. Ku sa yaran, tun da sun fi mu sabawa da waya, su kunna wa kakanninsu tsaro mai hawa biyu a WhatsApp, wato lambar sirri ta biyu wadda mai waya kaɗai ya sani.

In kuwa an riga an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. Joshuwa ma an ruɗe shi. Ka sake yin rajistar WhatsApp da layinka, sabuwar lambar da za a turo za ta kori ɓarawon, ko da yake in ya riga ya sa tasa lambar sirri, mai yiwuwa ka jira kwana 7. Wanda ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, gama dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan. Sakataren ikkilisiya kuma ya aika wa membobi gargaɗi a ranar, kada ya jira sanarwar Lahadi.