Ko Talauci Laifi Ne A Ƙofar Makaranta?

A ƙasar Amurka akwai manyan makarantun ilmi mai zurfi waɗanda ba a shiga sai da kuɗi masu yawa. A shekarar 2024 akwai waɗanda kuɗinsu na shekara guda, har da ci da kwana, ya wuce dala dubu 80. Masu neman shiga kuwa sun fi guraben da ke akwai yawa nesa ba kusa ba. To, a ce gurbi ɗaya ya rage, ga yara biyu tsaye, ɗan attajiri da ɗan mai gadi, ƙwazonsu ɗaya, sakamakon jarrabawarsu ɗaya. Na fari uban zai biya lakadan, na biyu sai makaranta ta ɗauki nauyinsa. Wanne ya cancanci a ɗauka?

Makarantun can sun kasu biyu bisa wannan al'amari. Waɗansu sun yi alkawarin rufe ido ga aljihun uba, watau sai sun gama zaɓe sa'an nan su duba wanda ke bukatar taimako. Jami'ar Harvard tana cikinsu, har a shekarar 2025 ta ba da sanarwa cewa gidan da samunsu na shekara bai wuce dala dubu 100 ba, ɗansu ba zai biya kome ba. Amma fa asusun wakafinta ya haura dala biliyan 50. Mai rumbu cike, kyauta ba ta yi masa wuya.

Kashi na biyu su ne masu leƙa aljihu, musamman wajen cike guraben ƙarshe. Kada a yi saurin zarginsu, gama suna da hujja. Malamai sai an biya su, gine-gine sai an gyara, kuɗin taimako kuwa yana da iyaka. A shekarar 2012 Jami'ar Wesleyan ta bar tsarin rufe ido, ta ce gara ta ɗauki waɗanda za ta iya riƙewa sosai, da ta ɗauki da yawa ta bar su da bashi. Lalle akwai gaskiya a nan, domin a ba yaro takardar shiga ba tare da abin biya ba, daidai yake da a kira mutum walima a ajiye masa akushi babu tuwo.

Duk da haka hujjar ba ta wanke kowa ba. Rashin ƙarfi daban, rashin gaskiya daban. A shekarar 2013 Jami'ar George Washington ta amsa cewa ta daɗe tana duba bukatar waɗansu masu nema, alhali kuwa tana faɗa wa mutane ba ta dubawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai awon da ya ce mudunsa ƙarami ne, kowa ya saya ya san abin da ya saya. Wanda ya ɓoye mudu biyu a ƙarƙashin tabarma, shi ne macuci.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Ko makaranta ta rufe ido ranar zaɓe, tseren ba ranar aka fara shi ba. Ɗan attajiri ya tashi da littattafai da malamin gida, ɗan mai gadi kuwa watakila aikin dare yake yi bayan an tashi makaranta. Wani bincike na Raj Chetty da abokan aikinsa a shekarar 2017 ya nuna kwalejoji 38 inda 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafi arziki suka fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa yawa. Saboda haka in su biyu suka zo da sakamako ɗaya, ba tafiya ɗaya suka yi ba. Wanda ya iso da ƙafa a lokacin da mai doki ya iso, ai shi ya fi nuna himma.

Wannan ya sa waɗansu suka ga adalci shi ne a duba talaucin, amma don a taimaka, ba don a kora ba. Kwalejin Berea ta jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855, tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu. Masu ƙaramin ƙarfi take nema, kowane ɗalibi kuwa yana yi mata aiki na aƙalla awa 10 a mako, ta haka yana cin guminsa ba tare da jin kunyar sadaka ba.

Ashe dai abu uku ne ya wajaba a kan kowace makaranta. Ta faɗi gaskiyar ma'auninta tun da fari. Ta auna yaro da nisan tafiyarsa, ba da inda ya tsaya kaɗai ba. In kuwa ta ɗauke shi, ta riƙe shi har ya gama. Yaro bai zaɓi gidan da aka haife shi ba, basira kuwa Allah bai raba ta bisa yawan dukiya ba. Ƙasar da ta juya wa haziƙi baya don aljihun ubansa, wata rana za ta nemi likita ko alƙali ta rasa, ba kuwa za ta san ita ta kore shi ba.