Gani Ya Kori Ji: Darasin Lambu ga Ƙananan Yara

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Akan faɗi haka idan gardama ta yi tsawo a kan wani abu, sai aka kawo shi a fili, magana ta ƙare. Mai sayen sa a kara ba ya biyan kuɗi a kan zancen dillali, sai ya zagaya dabbar ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Abin da kunne ya ji yakan shige, amma abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, shi ke zama a zuciya. Babu kuwa inda wannan hikima ta fi aiki kamar wajen koyar da yaro ɗan shekara uku zuwa shida.

A yawancin makarantun renon yara na garuruwanmu, malama kan rubuta "wake" a allo, yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi har a tashi. Sun ji, amma ba su gani ba. To, a ba yaron nan ƙwayar wake uku ya tura cikin ƙasa mai danshi da ɗan yatsansa. Kafin mako ya zagayo zai tarar ƙasa ta tsage, wani ɗan kara ya leƙo a lanƙwashe, yana ɗauke da ɓawon ƙwayar a kansa. Gobe ya miƙe, jibi ganye biyu sun buɗe. Yaron zai durƙusa ya ƙura ido, ya ce, "Malama, wa ya fito da shi?" Daga wannan tambaya ilimi ya fara. Idan waken ya girma aka tuge guda ɗaya, sai a nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, a gaya masa su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoma ke haɗa wake da gero a gona ɗaya. Ƙidaya ma a nan zai koye ta: ƙwaya nawa ya shuka, nawa suka tsiro, nawa suka ƙi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙauye, ranar shuka, uba na gaba yana sara da sungumi, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Su ke kai abinci gona, su ke korar tsuntsaye idan gero ya fara nuna. In yaro ya tasa, mai gandu ya yankar masa gayauna ya noma abin kansa. Yarinya kuwa tun tana ƙarama ta san bambancin rama da yakuwa, ta san tafasa da lalo, domin tare da uwarta take tsinko su. A ƙasar Jamus ma, Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a Bad Blankenburg a 1840, ya ware wa kowane yaro ɗan fangalinsa, ga kuma na tarayya da suke kula da shi tare. Abin da ya tsara a makaranta, kakanninmu sun daɗe suna yin sa a gona. Zaman birni da gidajen haya masu daɓen siminti ne suka raba 'ya'yanmu da shi.

Amfanin lambu bai tsaya ga karatu ba, ya kai har kwanon abinci. Iyaye mata sun san yaƙin da ake yi kafin yaro ya ci ganye. Amma wanda ya yi wa alayyafo ban-ruwa da hannunsa, ya ga an yanke shi bayan kamar wata guda an sa a miya, da wuya ya ture kwano. Nasa ne, zai ci, har ya yi alfahari. Zogale, wanda mutanen Maraɗi da Katsina ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, yana da sinadaran gina jiki da ƙarin jini, kuma itacensa na jure fari. A yankin da tamowa ke addabar ƙananan yara, saba wa yaro da irin wannan cima tun yana ƙarami babban rigakafi ne. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar a 2016 an gina shi ne a kan sayen abinci daga manoman yankin. Lambun makaranta zai sa yaro ya san daga ina abin da ke cikin kwanonsa ya fito, ya kuma girmama wanda ya noma shi.

Sai dai karin maganar ba ta ce a toshe kunne ba. Gani ne ke gaba, bayani ya biyo baya. Malama ta bar yaro ya tona, ya shinshina, ya yi tambaya, sannan ta ba abin suna. Ko shukar da ta bushe darasi ce: an manta ban-ruwa, ga sakamakon.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin tushe, kuma lambu ba ya bukatar kasafi mai nauyi. Tsohon buhu ko taya, ƙasa da takin dabbobi, ruwan alwala da ake zubarwa, da shingen kara saboda awaki, sun isa. A fita da yara da hantsi kafin rana ta yi zafi, a nisanta su da maganin feshi, a wanke musu hannu in an gama.

Malamai da iyaye, kada mu jira sai an ba makaranta fili. A wannan damina, kowane aji ya samu buhunsa, kowane yaro ya samu ƙwayarsa, ya shuka da hannunsa, ya ci abin da ya noma.