Ba a Raba Gado Sai an Biya Bashi

A kudancin gaɓar kogin Thames, cikin birnin Landan, akwai wani gawurtaccen gini na jan bulo mai dogayen bututun hayaƙi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Shi ne tashar wutar lantarki ta Battersea. An aza harsashinsa a shekarar 1929, ya fara ba da wuta a 1933, aka kammala rabinsa na biyu a 1955, aka kuma kashe injinansa na ƙarshe a 1983. A lokacin da yake ganiyarsa, kashi ɗaya cikin biyar na wutar da Landan ke sha daga cikinsa take fitowa. Yau ba a jin rurin inji ko ɗaya a wurin. A watan Oktoba na 2022 aka sake buɗe ginin, bayan an yanka cikinsa an fitar da gidajen kwana 254, wasu ma a bisa rufinsa, tare da ofisoshi da kantuna da wuraren cin abinci. Gidaje ne masu faɗin tsakar ɗaki da dogon rufi, waɗanda aka bar wa tsohon bulonsu a fili don ado, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin mazauna birnin.

Wannan sauyi ya jawo mini tambayar da nake son in bi diddiginta: idan ginin da ya yi wa jama'a hidima shekara hamsin ya gama aikinsa, wa ya cancanci ya gaje shi? Amsar da doka ke bayarwa gajera ce, wato wanda ya saya. Ban ƙi wannan amsa ba, amma ina ganin ba ta ƙare magana ba. A tsarin gado da muka taso muka sani, idan mutum ya rasu ba a taɓa dukiyarsa sai an yi masa sutura, an biya bashin da ake binsa, an zartar da wasiyyarsa. Abin da ya saura shi ne rabon magada. Ra'ayina shi ne tsohon ginin hidimar jama'a ma yakan bar bashi a bayansa, kuma wanda ya karɓi ginin ya karɓa har da bashin.

Sai dai kafin a ce ana bin gini bashi, dole a nuna wanda ya ba shi rance. Kamfani mai zaman kansa ne ya fara gina tashar Battersea, amma a 1948 gwamnatin Birtaniya ta mayar da harkar wutar lantarki hannunta, tashar ta zama dukiyar al'umma har ranar da aka rufe ta. Tana cinye kwal sama da tan miliyan ɗaya a shekara. Masu haƙar ma'adinai ne a Wales da arewa maso gabashin Ingila ke shiga ƙarƙashin ƙasa su fito da shi, jiragen ruwa su yi jigilarsa zuwa bakin tashar, ma'aikata kuma su kwana suna ciyar da tukwanen wuta. Unguwannin da ke kewaye, waɗanda galibinsu na ma'aikatan masana'antu da na jirgin ƙasa ne, su suka riƙa shaƙar abin da bututun ke fitarwa. A watan Disamba na 1952 wani baƙin hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, ya kashe mutum aƙalla 4,000. Hayaƙin kwal ne sanadinsa, na murhun gidaje da na tashoshin wuta irin wannan. Waɗannan mutane ba su da hannun jari a tashar, amma sun zuba mata ƙarfinsu da lafiyarsu.

Ita ma tashar ba ta kasance mai ci kaɗai ba. Tun farkon shekarun 1950 aka riƙa ɗaukar zafin da ya yi saura daga injinanta, a bi da shi ta ƙarƙashin kogi zuwa Pimlico, a ɗumama gidajen da hukuma ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi a rukunin Churchill Gardens. Wuta kuwa ba ta tambayar matsayin mai kunna ta. Wadda ta haskaka gidan attajiri ita ce ta haskaka ɗakin mai shara. Wannan ita ce ɗabi'ar ginin hidima, ko tashar wuta ko gidan ruwa ko gidan waya: an kafa shi ne a kan cewa akwai buƙatar da ta haɗa kowa, kuma za a biya ta ba tare da zaɓe ba. Ma'anar ginin ke nan, kuma ita ce ke cikin haɗari a duk lokacin da aka sauya masa aiki.

Adalci ne in kawo hujjar masu sauya ginin da cikakken ƙarfinta, domin hujja ce mai nauyi. Bayan 1983 tashar ta yi kusan shekara talatin tana zaman kango. An sa ta cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana rushewa tun 1980, amma doka tana hana rushewa ne kawai, ba ta toshe yoyo. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗan kasuwa ya yi niyyar mayar da ita wurin wasanni, ya yaye mata rufi, kuɗi suka yanke masa, ya bar ta ruwa da iska suna ci. Masu saye suka yi ta zuwa suna wucewa da tsare-tsaren da ba su kai ko'ina ba. Sai a 2012 wasu kamfanonin Malesiya suka haɗu suka sayi filin a kan fam miliyan 400, suka shiga aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin fam biliyan 9. Kango ba ya amfanar talaka ko mai kuɗi. Rushe ginin da ya ci bulo kusan miliyan shida kuma asara ce ta dukiya da ta tarihi, ga ƙurar da hayaƙin da gina sabo zai ƙara wa duniya. Wanda ya sa kuɗinsa ya ceci abin da kowa ya kasa cetowa yana da hakkin ya ci riba, kuma ban ga aibu a cikin ribar ba.

Inda na rabu da su shi ne wajen tantance abin da ake sayarwa. Mai sayen gida a cikin tashar Battersea yana iya samun ɗakuna masu irin wannan faɗi a sabon bene da kuɗi ƙasa da haka. Ƙarin da yake biya kuɗin suna ne: kuɗin zanen Giles Gilbert Scott, mai tsara gine-ginen da ya ƙawata fuskar tashar, da kuɗin bututu huɗun nan da duk ɗan Landan ya san siffarsu tun yana yaro, da kuɗin iya cewa yana kwana a inda aka taɓa haskaka birni. Kamfanin bai ƙirƙiri wannan suna ba, ya tarar da shi. Shekara hamsin na gumin ma'aikata ne suka gina shi, masu fafutukar hana rushe tashar kuma suka tsare shi a lokacin da ba shi da mai so. Idan ka sayar da abin da darajarsa ta fito daga wahalar wasu, to wani kaso na ribar ba naka ba ne kai kaɗai. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin lura shi ne su kansu mahukuntan Landan sun amince da wannan bashi, ko da ba su kira shi da sunansa ba. Shi ya sa aka gindaya sharaɗin cewa daga cikin gidaje sama da 4,000 da za a gina a ɗaukacin filin, 636 za su kasance masu rahusa domin masu ƙaramin ƙarfi. A 2017 kamfanin ya koma gaban ƙaramar hukumar Wandsworth yana kukan cewa gyaran tsohon ginin ya ci kuɗi fiye da yadda aka zata. Hukumar ta yarda aka rage adadin zuwa 386, wato daga kimanin kashi 15 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 9. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya soki matakin a fili, amma hakan bai sauya shi ba. Gidajen masu rahusar kuma an gina su ne a wani fili daban da ke kusa, ba a cikin tashar ba.

In an ɗora wannan kusa da labarin bututun hayaƙin, sai darasin ya fito sarai. Da aka bincika, an tarar ƙarfen da ke cikin simintinsu ya yi tsatsa, don haka aka sauke su duka huɗun, aka sake gina su daidai da tsayinsu da siffarsu da launinsu na da, aka kammala a 2017. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana suna sauya katakonsa ɗaya bayan ɗaya, har masana suka shiga gardama kan ko jirgin nan na asali ne ko wani ne daban. Masu gyaran Battersea sun tsaya tsayin daka don kada a ce sun sauya siffar ginin. Amma a cikin shekarar nan da aka cika wa siminti alkawari har da launin fenti, a cikinta aka zaftare wa mutane gidaje 250. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka zo zaɓen abin da za a rage, siffar gini ta tsira, rabon mutane ya ragu. Wannan zaɓi ya nuna abin da muka ɗauka shi ne tarihi. Mun fi saurin kare abin da ido ke gani, domin shi ake ɗauka a hoto, shi kuma ke jawo mai saye.

Za a iya ce mini yanzu ginin ya fi zama na jama'a, tunda a da katanga ce ta kewaye shi, yau kuwa kowa na iya shiga zaurukan injinansa ba tare da ya biya ko sisi ba. Akwai kuma sabuwar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2021, wadda kamfanin ya ba da gudummawa wajen ginawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma alheri ne. Sai dai shiga wuri a matsayin mai saye daban yake da zama ɗan gida. Mai ba da hannu a tashar jirgi da mai goge daɓen kantunan suna iya shiga da safe, amma in dare ya yi sai sun kama doguwar hanya zuwa inda haya ba ta fi ƙarfinsu ba. A gaɓar kogin nan dai, gabas da Battersea, akwai tashar Bankside, wadda shi ma Scott ɗin ne ya zana. An mayar da ita gidan adana zane-zane na Tate Modern a shekarar 2000, kuma shiga babban ɓangarensa kyauta ne. Ba kowace tsohuwar tasha za ta zama gidan tarihi ba, kuma a birnin da ke fama da ƙarancin muhalli, mayar da ita wurin kwana aiki ne mai daraja. Misalin Bankside ya dai nuna cewa ana iya sauya wa gini sana'a ba tare da an sauya waɗanda yake yi wa aiki ba.

Akwai tambaya mafi wuya: wa za a biya? Da yawa daga cikin masu haƙar kwal ɗin sun rasu, da yawa daga cikin ma'aikatan tashar ma haka. A nan ma tsarin gado ya ba ni amsa, domin mutuwar mai bin bashi ba ta kashe bashi, magadansa ake nema. Magadan ma'aikatan Battersea, a ganina, su ne waɗanda suka gaji matsayinsu ko da ba su gaji jininsu ba: direbobin bas, da ma'aikatan jinya, da masu kwashe shara, da masu gyaran layukan wuta, duk waɗanda birni ba ya wayar gari sai da su. Su ne ke yi wa Landan a yau irin aikin da tashar ta yi mata jiya.

Saboda haka ma'aunin da zan auna duk wani aiki irin wannan da shi mai sauƙi ne. A yanke rabon masu ƙaramin ƙarfi tun kafin a sayar da ginin, yadda mai saye zai lissafa shi cikin farashin da zai taya, kamar yadda yake lissafa kuɗin rufi da na harsashi. A ba alkawarin da aka yi wa mutane irin kariyar da doka ta ba bulo, yadda ba za a iya komawa a rage shi don kasuwa ta juya ba. Sannan wani kaso na gidajen ya kasance a cikin tsohon ginin kansa, domin ɗan mai jinya ma ya taso yana cewa nan ne gidansu. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar waɗannan sharuɗɗa ba, to farashin da ya taya ne ya yi yawa, kuma gyara farashi ya fi sauƙi a kan janye alkawari.

Ina murna da tashar Battersea ba ta faɗi ba, ina kuma yaba wa hannuwan da suka tsayar da ita. Amma birane da yawa a duniya suna da tsofaffin tashoshin wuta da gidajen ruwa da ɗakunan ajiyar kayan jirgin ƙasa da ke jiran irin wannan rana. Duk lokacin da aka zo raba ɗayansu, ina fatan a sami wanda zai miƙe a cikin taron ya tambaya ko an biya bashin mamacin, kafin a fara kiran sunayen magada.