Ciwon da Ba Ya Zubar da Jini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa, akwai ciwon da ya shigo gidajenmu ba tare da zazzaɓi ko rauni ba. Saurayi ya daina zuwa majalisa, ya ƙulle kansa a ɗaki, abinci ma sai an matsa masa. Mace ta haihu lafiya, amma kullum tana kuka, ita kanta ba ta san dalili ba. Mu kuma sai mu ce sammu ne, ko aljanu, ko kuwa imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi zafi, domin tana ɗora wa mara lafiya zunubi a kan ciwo. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Wa zai buɗe baki ya ce annabawa ba su da tawakkali?

Mu dubi wayar da ke hannunmu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance ba ya son hira bayan sallar Isha'i. Yau ƙarfe biyun dare ɗiyarka tana TikTok, tana kallon lefen wata da motar wani, ta kwanta tana raina abin da Allah ya ba ta. Ba ta san rabin abin da ta gani aro ne ko bashi ba. Barci ya ƙaura, Asuba ta wuce, zuciya ta cika da hassada da fargaba. Ga kuma hotunan gawarwaki da muke tura wa juna a WhatsApp da sunan jaje, alhali tsoro muke shukawa. Zumunci ya koma saƙon "Juma'a Mubarak", kai da ƙaninka kuna unguwa ɗaya kun yi wata ba ku haɗu ba. Wasu matasan, da ƙunci ya yi musu yawa, sai su fake da ƙwaya, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018.

Addu'a makami ce, zikiri kuma yana sanyaya zuciya, kada kowa ya sake su. Amma Annabin da ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai mutum ya fara yaga riga ake zuwa ba. Mari da bulala ba magani ba ne. Kun tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka ceto a Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, a gidan da aka kai su don gyaran hali.

Iyaye, ku karɓi wayoyin yara da dare, ku fara ajiye naku. Wanda ka ga ya yi shiru a sahu, bi shi gida ka zauna, ka saurare shi, kada ka tona masa asiri. In har ya ambaci gajiya da rayuwa, kada ka bar shi shi kaɗai, kai shi wurin likita a ranar. Allah ya yaye wa masu ƙunci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.