Yarinyar Da Ke Kuka A Bayan Katanga

Karatu: Fitowa 2:1-10

A ce kowane dare kana jin kukan yarinya daga gidan da ke maƙwabtaka da kai a Kwaciri. 'Yar aiki ce da aka ɗauko daga ƙauye, ba ta kai shekara goma sha biyu ba, bayanta duk shatar bulala. Uwar ɗakinta kuwa tana cikin zumuntar mata, benci ɗaya kuke zama ranar Lahadi. Ka yi addu'a, ka yi azumi, ka kai wa dattawa magana, dukan bai tsaya ba. Zunubi ne ka kai rahoto wurin jami'an walwalar jama'a na gwamnati?

Na san abin da ke riƙe mu. Tun watan Disamba 2019, da aka kwashe yara daga gidan marayu na Du Merci aka kai su gidan yara na Nassarawa, Kiristoci da yawa a Sabon Gari ba sa son jin sunan hukuma. Ba zan raina wannan tsoro ba, ni ma na ji shi. Amma in muka yi shiru saboda tsoro, yarinyar ce za ta biya da jikinta.

Akwai abin da fasto ba shi da ikon yi. Jami'in walwala zai iya zama da yarinya ita kaɗai ya ji ta bakinta, ya nemo iyayenta, ya rubuta rahoton da kotu za ta duba. Tun Mayu 2023 Jihar Kano na da dokar kare yara, hukumar NAPTIP kuma tana bin masu safararsu. Romawa 13 ta koya mana cewa mai mulki bawan Allah ne da aka ba aikin hukunta mugunta.

Dubi Musa. Daga gidan Fir'auna, inda dokar kisa ta fito, Allah ya tashi wadda ta tsamo shi daga ruwa. Sai dai yayarsa ba ta koma gida ba. Ta tsaya tana kallo, ta matso ta yi magana, har aka mayar da jaririn hannun uwarsa ta shayar da shi.

Saboda haka kai rahoton, ka kuma bi sawu. Ka san sunan jami'in, ka tambayi inda yarinyar ta kwana, ka je da fastonka, a kira iyayenta.

Addu'a: Ya Uba, ba ni zuciyar yayar Musa, kada in toshe kunnena ga kukan nan. Cikin sunan Yesu, amin.