Wane Ne Dodon, Gawar Ko Ubangidanta?

Abokaina a Kwandiko kan yi mini dariya in sun tarar ina kallon tsofaffin finafinan ban tsoro marasa kala. Wai me zan tsinta, ba rawa ba waƙa? To, ga abin da na tsinta.

A fim ɗin White Zombie na 1932, Bela Lugosi ya fito a boka a ƙasar Haiti, yana tayar da matattu suna yi masa aikin matse rake. Ba lada, ba hutu, ba musu. Akwai inda ɗayansu ya faɗa cikin injin, sauran ko waiwaye, suka ci gaba da juya shi. Wallahi nan ne tsigar jikina ta tashi.

Ba banza ba. Labarin zombi ya taso ne cikin bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa gonakin rake, masu fargabar ko mutuwa ba za ta 'yanta su ba. Mu ma mun san zancen maye da kamun kurwa: ga jiki, amma mutumin ba ya nan.

To wa ya kamata mu ji wa tsoro? Gawa dai ba ta da zaɓi, balle laifi. Laifin na wanda ya mai da ɗan'adam kayan aiki ne. Duk wanda ya ɗauko yarinya daga ƙauye aikatau, ta yini tana bauta, kuɗinta na zuwa hannun dillaliya, ya dubi cikin gidansa kafin ya ce fim ɗin nan tatsuniya ce.